Tsakanin Ƙarfe Bakwai da Ƙarfe Tara: Sharhi a kan Bolum ɗin Amfilifaya



Kafin mu shiga zance, ina roƙon duk wanda yake jin mu ta amfilifaya mai lasifika biyu ya yi mini abu ɗaya. Ka miƙa hannu ka rage bolum a hankali, har muryata ta kusa ɓacewa, sannan ka koma ka zauna daidai tsakiyar lasifikokin. Daga ina kake ji na? Muryar nan makirufo ɗaya ne ya ɗauke ta, kuma da ƙarfi ɗaya aka turo ta dama da hagu. Don haka kamata ya yi ka ji ni a gabanka sosai, kamar muna zaune a tabarma ɗaya. In kuwa ka ji na zame na koma gefe, ko lasifika ɗaya ta yi tsit ɗayar tana magana, to kada ka zargi kunnenka, kada kuma ka zargi tasharmu. Wannan ɗan mamurɗin da ka taɓa ne. Shi ne zancenmu na yau.

Ni kaina ta nan na shigo maganar. Shekarun baya na sayi amfilifaya ta hannu, ƙirar Japan, irin masu nauyin nan da ake kawowa a kwantena. Da rana ba ta da makusa. Amma ni mai sauraron dare ne. Sai yara sun yi barci, unguwa ta yi shiru, nake sa karatu ko tsohuwar waƙa, in rage murya ƙasa-ƙasa don kada in tashi kowa. A nan ne take ba ni ciwon kai. Muryar makaranci sai ta tattara ta koma hagu. In na ɗan ɗaga bolum ta dawo tsakiya, sai ƙarar ta yi yawa, har a leƙo daga ɗaka a ce a rage. Na sauya wayoyi, na musanya lasifikar dama da ta hagu, har na fara tunanin kunnena na dama ne ya soma nauyi. Daga ƙarshe na ɗauke ta sai shagon wani dattijon mai gyara. Ya jona ta, ya murɗa sau biyu, ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Kai dai a bakin ƙofa kake sauraro, ba ka taɓa shiga ɗakin ba." Na ce, "Baba, kamar yaya?" Ya nuna mini alamar da ke jikin mamurɗin. Tana tsakanin inda ƙarfe bakwai da ƙarfe takwas suke a fuskar agogo.

Abin da ya fahimtar da ni ran nan shi ne bolum ba ya ƙara sauti. A yawancin amfilifayoyi, ninkin da aka ƙera su su yi wa sauti a tsaye yake, ba ya canjawa. Aikin bolum ragewa ne. Kamar mai ban ruwa ne a fadama: injin yana turo ruwa da ƙarfi ɗaya tun safe, shi kuma manomi yana bakin fangali yana buɗewa yana toshewa. Duk sautin da zai isa kunnenka sai ya bi ta wannan ƙofa, kuma yana bi ne a lokacin da yake ɗan mitsitsi, kafin a ninka shi. Lahanin da aka yi masa a nan, tare da shi za a ninka.

Ragewar da ake nema a gida kuma ba 'yar kaɗan ba ce. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Sai ka ninka sau goma, wato desibel 10, kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. Shi ya sa mai wat 100 ba ya jin ninkin abin da mai wat 50 ke ji. Lasifikar gida ta yau da kullum, wat ɗaya tak ya isa ya cika falo da ƙara. Sauraron dare irin nawa ko kashi ɗaya cikin ɗari na wat bai kai ba. Ka ga ke nan ana buƙatar bolum ya zaftare desibel 40, ko 50, wani lokaci har 60, kuma ya yi hakan daidai wa daida a dama da hagu. Wannan ce jarrabawar da nake so mu yi wa kowane irin bolum.

Wanda kowa ya sani shi ne na gawayi. In ka fasa shi za ka ga wani siririn zobe baƙi, da ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kansa in ka murɗa. Na sitiriyo zobe biyu ne a kan sanda ɗaya, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Saboda yanayin kunne, ba a shimfiɗa gawayin bai ɗaya. Ana yin sa ne yadda in mamurɗi ya kai ƙarfe goma sha biyu, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na sautin kawai ya wuce. To dubi abin da ke faruwa a can ƙasa. Desibel 60, in da bolt aka auna ba da wat ba, na nufin kashi ɗaya cikin dubu. Harshen nan yana kan ɗan gutsuren gawayi da bai fi ƙwayar gero ba, kuma ana so gutsuren dama ya yi daidai da na hagu. Kaurin gawayin ya ɗan bambanta, ko sandar ta ɗan yi wasa, shi ke nan, murya ta koma gefe.

Ba masu arha kaɗai ke da wannan ba. Kamfanin Alps na Japan yana da wani bolum mai shuɗin jiki da ake kira RK27, wanda ya shahara a duniyar masu son sauti, kuma manyan kamfanoni na sa shi a kayansu. Takardar kamfanin da kanta ta yarda dama da hagu su bambanta da desibel 2, a can ƙasa sosai ma har 3. Yawancinsu sun fi haka kyau in aka auna, amma abin da aka yi alkawari ke nan. Kunne mai lura kuwa yana gane bambancin desibel 1. In shuɗin Alps haka yake, ka ƙiyasta wanda ake aunawa a roba a kasuwa. Kuma tunda na ambace shi, a yi hattara, jabunsa ya cika kasuwannin intanet. Launin ɗaya, rubutun ɗaya, cikin daban.

Duk da haka ni ban raina bolum na gawayi ba, kuma zan faɗi dalili. Daga ƙarfe goma zuwa sama, mai kyau a cikinsu yana da tsabta ƙwarai. Ba ya cin wuta, ba ya buƙatar manhaja, yana tafiya sumul ba tsalle, kuma duk mai gyaran rediyo daga Sabon Gari a Kano har Maraɗi zai iya cire shi ya sa wani kafin ka gama shan shayi. Matsalar ita ce an tilasta masa aiki a inda ya fi rauni, kuma laifin ba nasa ba ne. Amfilifayoyin shekarun 1970 an ƙera su ne don rediyo da kaset, waɗanda ke fitar da sauti mai rauni, kamar kashi ɗaya cikin biyar na bolt ko ƙasa da haka. Da faifan CD ya fito a 1982 daga Sony da Philips, injinansa suka zo da bolt 2. Ninki goma ke nan a bolt, desibel 20 cur. Na'urorin DVD da masu juya sautin dijital suka bi sahu. Amfilifayar da aka yi don a murɗa ta zuwa ƙarfe goma sha ɗaya sai ta koma tana tsawa tun ƙarfe takwas.

Maganin da dattijon nan ya yi mini ko kuɗin cefanen yini bai kai ba. Rizisto huɗu ya ɗauko, biyu a kowane gefe, mai om 10,000 a kan hanya, mai om 3,300 zuwa ƙasa. Ya ɗiga musu dalma a bayan soket ɗin da nake jona na'urata. Wannan ya rage abin da ke shigowa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wajen desibel 12. Da na koma gida, sauraron daren nan nawa ya tashi daga ƙarfe bakwai da rabi ya koma wajen ƙarfe tara da rabi, muryar makaranci ta zauna a tsakiya daram. Bolum ɗin shi ne dai na da, ba a taɓa shi ba. Ina jaddada wannan ne saboda na sha ganin mutum ya kashe kuɗi masu yawa wajen sauya bolum, alhali abin da ke damunsa ninki ne ya yi yawa.

Akwai kuma lambar da ke jikin bolum, wadda masu gyara da yawa ba sa kulawa da ita. Za ka ga an rubuta 10K, ko 50K, ko 100K, sai a ce ai duk ɗaya ne, wanda ya shiga ramin a sa. Ba ɗaya ba ne. A wurin da ya rage bolt ɗin sauti rabi, bolum yana tsaya wa sauti a hanya da kashi ɗaya cikin huɗu na lambarsa. Mai 100K zai tsaya da om 25,000. In yana cikin amfilifaya, kusa da abin da yake ciyarwa, babu damuwa sosai. Amma in akwatinsa daban ne, ka ja masa waya mai tsawon mita uku, to wayar da kanta za ta fara shanye siririn sautin sama, wanda ke ba wa kuge da tafi da sin ɗin mai magana kaifinsu. Mai 10K a wannan wayar ba abin da zai taɓa. Amma shi kuma yana ɗora wa na'urar da ke gabansa nauyi, tsofaffin kayan bawul ba sa son sa. Sannan a duba harafin da ke kusa da lambar. A kayan Japan, A shi ne na sauti, B kuwa mai tafiya bai ɗaya ne. In aka sa maka B a gurbin A, da ka taɓa mamurɗin ƙara za ta daka tsalle, sauran zagayen kuma ya zama banza.

Masu neman abin da ya fi gawayi sai suka ce, me zai hana a jefar da zoben gaba ɗaya? Suka kawo bolum mai matakai. Wannan makunni ne mai haƙora, kowane haƙori da rizistonsa da aka auna. Ka murɗa, ka ji ƙas, ƙas, ƙas. DACT ta Denmak da Goldpoint ta Amurka sun yi suna da mai matakai 24, Khozmo ta Folan tana yin mai 48. Tunda rizistocin an auna su, dama da hagu suna haɗuwa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel, daga sama har ƙasa. A jarrabawarmu ta dare wannan ya ci. Ana ɗinka shi iri uku: wanda aka jera rizistocin kamar carbi, wanda kowane mataki ke da nasa biyu shi kaɗai, da wanda ɗaya ke tsaye ana canja ɗayan. Masu sha'awa suna ta muhawara a kan wanne ya fi daɗi. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Matakai 24 sun yi kaɗan ga tazarar desibel 60. A tsakiya kowane mataki kusan desibel 2 ne, a ƙasa kuwa tsallen ya fi haka girma. Sai ka samu mataki na uku ya yi maka ƙasa, na huɗu ya yi maka sama, babu tsaka-tsaki. Wanda zai saya ya nemi mai matakai da yawa, ko ya fara rage ninkin kamar yadda na faɗa.

Ga wani abu da ake rasawa in an yi wannan sauyi a tsohuwar amfilifaya. A 1933 wasu masu bincike biyu a Bell Labs ta Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa, kunne yana fara rasa kaurinsa, wato bes, kafin ya rasa tsakiyarsa. Shi ya sa ganga ke ramewa in ka rage murya, mawaƙi kuma yana nan. Don haka aka ƙirƙiro maɓallin nan da ke cika sauti in an rage shi. A tsofaffin kaya yana aiki ne ta wata ƙafa ta huɗu da ke jikin bolum. Ka cire bolum mai ƙafa huɗu ka sa mai uku, maɓallin ya mutu. Ga mai sauraron dare wannan asara ce ta gaske, kuma ba kasafai mai gyara ke faɗa maka ba.

Matsalar ƙarancin matakai an warware ta da rile, ƙananan makunnai da lantarki ke buɗewa da rufewa. Hikimar a lissafi take. Rile na farko ya rage desibel 1, na biyu 2, na uku 4, haka har na shida mai 32. In ka haɗa su yadda kake so, rile shida sun ba ka matakai 64, bakwai su ba ka 128. Kamfanin Schiit yana amfani da wannan a kayansa masu sauƙin kuɗi, Benchmark kuma tana da mai matakai 256, kowanne rabin desibel. Bolum na rile yana karɓar rimot, kuma bakin rile a rufe yake ruf, ƙura ba ta shiga. Wanda ya san hunturu ya san darajar wannan. Aibinsa ɗan ƙas-ƙas ɗin da yake yi a cikin akwati in kana murɗawa, da kuma cewa yana buƙatar ƙaramar kwamfuta ta tuƙa shi.

Sai mu zo kan wanda masu hannu da shuni ke yabo, bolum na taransifoma. A nan babu rizisto. Waya ce aka naɗa a kan ƙarfe, aka fitar da baki-baki a jikinta, kowane baki da ƙarfin sautinsa. Music First Audio ta Ingila, da taransifomomin Stevens & Billington, su ne suka fi fito da shi. Yana da wata baiwa da babu mai musunta: duk lokacin da ka rage bolt ɗin sauti rabi, tsayawarsa a hanya tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato yana ƙara ƙarfin tura doguwar waya a daidai inda na gawayi ke gajiya. Wanda ke da naɗi biyu a rabe kuma yana yanke gurnanin nan da ke shigowa in an jona dikoda ko talabijin. Amma ƙarfe yana da iyakar abin da zai ɗauka. Bes mai zurfi da ƙarfi yana iya cika shi ya gurɓata sautin, yana kwasar gurnani in an ajiye shi kusa da taransifomar wuta, kuma kuɗinsa sai ya sayi amfilifaya da lasifikoki masu kyau har da canji. Masu shi suna cewa sautinsa ya fi cika da taushi, kuma na yarda suna jin wani abu. Sai dai taushin da taransifoma ta ƙara ba ya cikin faifan. Wanda ke son sa haka ya saya da saninsa.

Akwai kuma na haske, inda ɗan ƙwan fitila ke haska wani sinadari, yawan hasken ya ƙayyade yawan sautin. Babu abin da ke gogar wani, wannan gaskiya ne. Amma haɗa dama da hagu a cikinsa aiki ne, yana gurɓata sauti fiye da rizisto in an auna, kuma halinsa yana canjawa da zafi. A ƙasar da watan Afrilu ke haura digiri 40, ban ga dalilin da zan ba wani shawararsa ba.

Yawancin masu sauraronmu, ko sun sani ko ba su sani ba, ba ɗaya daga cikin waɗannan suke amfani da shi ba. In mamurɗin na'urarka yana juyawa ba iyaka, lamba tana hawa a allo, to sauti ba ya bi ta cikinsa ko kaɗan. Saƙo kawai yake aikawa ga wani ai-si, shi kuma a cikinsa akwai jerin rizistoci da makunnai ƙanana da ido ba ya gani. Masu raina ai-si suna yi masa kuɗin goro, alhali iri-iri ne. PGA2311 na Texas Instruments yana tafiya da rabin desibel a kowane mataki, daga ragin 95.5 har ƙarin 31.5, kuma dama da hagu ba sa saɓawa. MUSES72320 na Japan yana tafiya da rubu'in desibel, kuma yana cikin kayan da ake sayarwa da tsadar gaske. A ɗaya ɓangaren akwai irin su PT2258 da PT2313 na Taiwan, da ke cikin akwatunan sinimar gida masu arha. Su ma suna riƙe murya a tsakiya, amma sautin da ya yi ƙarfi yana shaƙe su, kuma suna da ɗan shuu. Kamfanin Accuphase ya bi wata hanya ta kansa tun 2002, yana raba sautin gida 16 yana haɗa wanda ake so. Tun kafin su, a 1980, injiniyan Ingila Peter Baxandall ya wallafa dabarar da ke sa bolum ya rage ninkin amfilifayar kanta, shuu ɗin ya ragu tare da waƙar. Ra'ayina a fili yake: ai-si mai kyau da aka ba wuta mai tsabta ya fi bolum na gawayi a sauraron ƙasa-ƙasa, kuma ban yarda akwai mai iya bambance shi da na rile da ido a rufe ba. Inda yake ba ni tsoro shi ne ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi. Na gawayi ana samunsa a kowane shago, wannan kuwa sai an yi oda, wani lokaci ma da manhajarsa ya tafi.

Saura na dijital zalla, wanda ke cikin wayarka da kwamfutarka. Shi lissafi yake yi wa lambobin sautin kafin a mai da su lantarki. An daɗe ana zaginsa, kuma a da ya cancanta. Sautin CD bit 16 ne, kowane bit kimanin desibel 6, jimla 96. In ka rage desibel 30 a cikin wannan ƙunci, ka zubar da bit biyar, ƙananan abubuwan da ke cikin waƙa sun bi ruwa. Amma na'urorin yanzu suna lissafin ne da bit 24 ko 32. Mai 24 yana da sararin desibel 48 kafin ya taɓa ko ɗigo na abin da ke faifan. Dama da hagu kuwa ba su da hanyar saɓawa, lamba ɗaya aka ninka su da ita. Rauninsa ɗaya ne: shuu ɗin na'urar ba ya raguwa in ka rage waƙa. Na gawayi da na rile suna danne waƙa da shuu tare, shi kuwa waƙar kaɗai yake dannewa. A na'ura mai kyau wadda tazarar sautinta da shuu ta kai desibel 120, ka rage 30 saura 90, kuma fankar da ke kanka ta fi wannan shuu ƙara nesa ba kusa ba, balle janaretan maƙwabci. A waya mai arha da aka jona da amfilifayar da aka buɗe gaba ɗaya, za ka ji shi sarai. Akwai kuma haɗari. Wanda ya jona kwamfuta kai tsaye da amfilifaya marar bolum, ranar da manhaja ta manta ta koma 100, ko saƙo ya shigo da cikakkiyar ƙara, ƙananan lasifikokin sama ne za su biya.

Saboda haka ga mai jona waya ko kwamfuta da tsohuwar amfilifaya, ga abin da nake yi. Kada ka ƙure wayar ka bar mamurɗi a ƙarfe bakwai, kada kuma ka ƙure mamurɗi ka bar wayar a ƙasa. Ka kai mamurɗin wajen ƙarfe goma, inda zobensa biyu suka daidaita, sannan ka sauko da wayar kaɗan har ƙarar ta yi maka. Kowannensu ya ɗauki rabin kayan a inda ya fi ƙarfi.

In kuma wani ya ce zai gwada maka bolum biyu don ka ji bambanci, ka riƙe wannan. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin bai kai a gane shi a matsayin ƙara ba. Sai ka ji kamar bes ya fi cika, murya ta fi fitowa. Masu gwajin gaskiya suna daidaita biyun har kashi ɗaya cikin goma na desibel. Ba abu ne mai wuya ba. A sa sauti ɗaya mai tsayi, a ɗora mitar mai gyara a bayan lasifika, a murɗa har lambobin biyu su yi kusan ɗaya, bambancin kada ya wuce ɗaya cikin ɗari. Sannan wani ya riƙa sauyawa ba tare da ka gani ba. Da yawa daga bambancin da ake rantsuwa a kansa a nan yake ɓacewa, wanda ya rage kuwa shi ne ya cancanci kuɗinka.

Bari in taɓa ƙura, tunda ita ce ke kai yawancin amfilifayoyinmu shago. In hunturu ya shigo, sai ka murɗa bolum ka ji ƙarrr kamar ana yaga takarda. Abin da na sha gani shi ne a ɗiga masa fetur, ko kananzir, ko man keken ɗinki, ko a fesa masa maganin tsatsa. Ƙarar takan ɗauke kwana biyu. Amma fetur yana wanke maiƙon da ke sa sandar ta yi santsi, yana iya cin gawayin, mai kuma yana kama ƙura ya zama taɓo. Akwai feshin da aka yi musamman don wannan aiki, kaɗan ake sawa ta ɗan ramin da ke jikin bolum, a murɗa shi sau ashirin ko talatin, wuta a kashe. In an wanke ƙarar ta dawo cikin mako, to a daina zargin ƙura. Sau da yawa wani kafasito ne kusa da shi ya tsufa yana yoyon wuta a kan zoben, kuma ko sabon bolum aka sa, haka zai yi. Ka ce wa mai gyara ya ɗora mita a ƙafafun bolum ɗin ba tare da waƙa ba. Bai kamata ya ga komai ba. Mamurɗin nan mai juyawa ba iyaka shi ma yana cin ƙura, alamarsa ita ce ka murɗa sama lamba ta yi ƙasa ko ta yi tsalle, kuma shi sauya shi ba tsada.

Ranar da za ka sayi amfilifaya ta hannu, mai shago zai buɗe maka ita har gilashi ya yi rawa, don ka ji ƙarfi. Ka bar shi ya gama. Sannan ka ce, "Alhaji, a taimaka a sa mini labarai." Ka karɓi mamurɗin da hannunka, ka sauko da shi har ƙasa, ka kara kunne a lasifikar dama, ka kara a ta hagu, ka ɗaga shi a hankali ka ji wacce ta fara magana, da kuma inda ɗayar ta cim mata. In sun haɗu kafin ƙarfe takwas, ka yi ciniki. In sai ƙarfe tara, ka nemi ragin kuɗin rizisto huɗu da ladan mai dalma.